Likitan Daji da Kwalbar Mofin: Yadda Ake Koyon Sauƙaƙa Raɗaɗi

Duk iyalin da aka gaya wa cewa ɗan'uwansu na ɗauke da ciwon daji, tambayoyi biyu ne ke cin ransu. Ta farko ita ce ko zai warke. Ta biyu ba kasafai ake furta ta a gaban likita ba, alhali ita ce ke hana gida barci: wannan azabar da yake sha, akwai abin da za a iya yi mata? A asibiti kowace tambaya da nata ilimin, kowane ilimi kuma da tarihinsa da yadda ake koyar da shi. Na farko yana cin shekara goma sha wani abu kafin mutum ya ƙware. Na biyu ana iya koya wa ma'aikaciyar jinya tushensa cikin 'yan makonni.

A Najeriya ɗalibin likitanci yana shekara shida a jami'a, ya yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki ƙarƙashin manyan likitoci, sannan shekara ɗaya ta hidimar ƙasa. A nan ya zama likita, amma na gama-gari. In yana son ƙwarewa a kan ciwon daji, sai ya ci jarrabawar share fage ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Legas, wadda aka kafa a 1979, ko ta Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma, sannan ya nemi gurbi a asibitin koyarwa da aka amince wa ya ba da horon. Horon zango biyu ne, kowanne da jarrabawa a ƙarshensa, a na biyun kuma sai ya yi bincike ya rubuta kundi. In ba a samu yajin aiki ko faɗuwa jarrabawa ba, shekara biyar zuwa shida ke nan. Wanda ya shiga jami'a yana ɗan shekara 18, da wuya ya zama babban likitan daji kafin ya haura 30. Najeriya ta bi tsarin Ingila, inda likita ɗaya ke koyon maganin kemo da na gashi a haɗe. A Amurka fannoni biyu ne daban.

Abin da ya sa horon ya yi tsawo shi ne ciwon daji ba cuta ɗaya ba ce. Jiki an gina shi da ƙwayoyin halitta masu rabuwa su hayayyafa bisa ƙa'ida, su kuma mutu idan lokacinsu ya yi. Idan ƙa'idar ta lalace a cikin wata ƙwaya, sai ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta tara ƙari, ta ci naman da ke kusa da ita, daga baya ta bi jini ko magudanun kaluluwa ta yi sansani a wani wuri. Wannan na iya faruwa a kusan kowane sashe na jiki, shi ya sa ake da nau'o'i sama da ɗari, kowanne da halinsa. Sankarar bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan dukkanta. Ta hanta a yankinmu tana yawan biyo bayan ciwon hanta nau'in B. Wata sankarar mafitsara kuma tana da alaƙa da tsagiya, fitsarin jinin nan da yara ke ɗauka a rafi da kududdufi, idan ta daɗe ba a yi maganinta ba.

Saboda haka darasin farko shi ne kada a fara magani sai an san da me ake faɗa. Ana ɗebo ɗan nama daga ƙarin, da allura ko da ƙaramar tiyata, a kai wa likitan da ya ƙware a duba nama a madubin likita. Shi ne zai ce daji ne ko ba shi ba ne, kuma wane iri. A sankarar mama har sai an ƙara gwada ko ƙwayoyin suna rayuwa ne da sinadarin jikin mace, domin amsar ita ke nuna ko ƙwayar magani irin tamoksifen za ta yi aiki. A nan ne ilimin asibiti ke cin karo da maganar da aka gada cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Ana iya gane inda maganar ta samo asali: mutane da yawa sai ciwon ya riga ya bazu suke zuwa, a yi aiki, su rasu ba da jimawa ba, sai a ɗora wa wuƙa laifin abin da jinkiri ya yi. Likita mai koyo dole ya iya warware wannan da haƙuri, in ba haka ba iyalin za su tafi su dawo bayan wata shida.

Bayan an san nau'in, sai a auna nisan da ya yi: girman ƙarin, ko ya kama kaluluwa, ko ya isa huhu, hanta ko ƙashi. Daga nan ake samun mataki na 1 zuwa na 4. Manyan makamai uku ne. Tiyata tana cire ƙarin idan yana wuri ɗaya. Kemo, wanda aka ga ɗaya daga cikin nasarorinsa na farko a ƙarshen shekarun 1940 lokacin da Sidney Farber ya gwada shi a kan yara masu sankarar jini a Boston, magani ne da ke bin jini yana kashe ƙwayoyin da ke saurin rabuwa. Da yake gashin kai da fatar cikin baki da ɓargo su ma suna saurin rabuwa, sai su sha wuya tare, shi ya sa ake yawan ba da shi duk bayan mako uku, ana gwada jini kafin kowane zagaye. Gashi kuwa ba wuta ake sa wa mutum ba. Haske ne mai ƙarfi, ɗan'uwan na hoton ƙirji, da ake saitawa a kan ƙarin ya lalata ƙwayoyinsa, yawanci kwana biyar a mako na tsawon makonni. A asibitin da tsari ya zauna, likitan tiyata da na kemo da gashi da mai duba nama da mai karanta hoto suna zama tare su tattauna kowane mara lafiya, kuma a irin wannan zama ne ƙananan likitoci ke ɗaukar mafi yawan abin da littafi ba ya koyarwa.

Kimanin rabin masu ciwon daji za su buƙaci gashi a wani lokaci, kuma ba a koyon gashi sai da na'ura. Na'urar na buƙatar ɗaki mai kaurin bango, wutar lantarki marar yankewa, injiniya, da masanin fiziks da zai riƙa auna ƙarfin hasken. Cibiyoyin da aka daɗe da sani a Najeriya ba su da yawa: Legas, Ibadan, Abuja, Inugu, Benin, sai Zariya da Sakkwato a Arewa. Ranar da na'ura ta tsaya, magani ya tsaya, karatu ma ya tsaya. Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai, da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, bayan an tura ma'aikata ƙasashen waje sun yi horo. A ɗaya gefen, ƙididdigar cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 sama da mutum 120,000 ne suka kamu a Najeriya, kusan 80,000 suka rasu. Mafi yawansu a mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti. Ga akasarin waɗannan, tambaya ta biyu ce ke da amsa. Bincike ya nuna fiye da rabin waɗanda ke karɓar magani suna fama da raɗaɗi, haka ma kusan biyu cikin uku na waɗanda ciwonsu ya yi nisa.

Ilimin sauƙaƙa wannan raɗaɗi sabo ne idan aka kwatanta da tiyata. Mofin kansa tsoho ne, tun farkon shekarun 1800 wani Bajamushe mai haɗa magunguna, Friedrich Sertürner, ya tace shi daga ƙaron tsiron da ake samun ofiyam. Amma har tsakiyar ƙarni na 20 al'adar asibiti ita ce a jira sai mara lafiya ya yi kuka, a yi masa allura, ya yi barci, maganin ya sake shi, ya sake kuka. Wadda ta sauya wannan ita ce Cicely Saunders, 'yar Ingila da ta fara da aikin jinya, ta koma jami'ar walwalar marasa lafiya, sannan ta karanta likitanci ta gama a 1957. Ta yi shekaru tana zama da masu ciwon ajali a wani gidan jinya a gabashin Landan, tana rubuta abin da aka ba su da abin da ya biyo baya, har tana naɗar muryoyinsu. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's, inda aka haɗa kula da marasa lafiya da bincike da koyarwa.

Abu biyu ta bari. Na farko, a ba da magani a kan lokaci tun kafin raɗaɗin ya dawo. Na biyu, abin da ta kira raɗaɗi gaba ɗaya: zafin jiki yana cuɗanya da tsoro, da tunanin wa zai riƙe 'ya'ya, da bashin da jinya ta jawo, da damuwar mutum game da tsakaninsa da Ubangijinsa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Daga aikinta aka samu fannin da za mu iya kira kulawar sassauci, wato kula da mai ciwo mai tsanani don rage masa wahala ko da ba za a iya warkar da shi ba. Ingila ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa a 1987.

Abin da ake fara koya wa ɗalibi a wannan fanni shi ne tambaya. Babu na'urar da ke auna raɗaɗi, mai shi ne kaɗai ya san shi. A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Ka tambayi dattijon da ya kwana yana juyi ya jiki, zai ce da sauƙi, domin haka tarbiyya da godiyar Allah suka koya masa, kuma dauriya abin yabo ce. Mace mai ciwo a mama ko a mara tana iya yin shiru don kunya, musamman gaban surukai ko likita namiji. Sai an koyi sauya tambayar: Baba, jiya ka samu barci? Kana iya sujada? A ina yake, ina yake tafiya, me ke tayar da shi? Ana amfani da ma'auni daga 0 zuwa 10, a wurare da yawa na Afirka kuma da yatsun hannu, dunƙulallen hannu babu ciwo, yatsu biyar ciwo mafi tsanani. Ana rubuta lambar a fayil kamar yadda ake rubuta zafin jiki, don a ga ko maganin na aiki.

Yadda mutum ya siffanta ciwon yana nuna tushensa. Idan ƙari ya ci ƙashi, kamar yadda sankarar mama da ta furostet ke yawan yi, ciwon na zogi a wuri ɗaya, yana ƙaruwa da motsi. Idan ya kumbura hanta ko ya toshe hanji, sai a ji nauyi ko murɗa wadda ba a iya nuna wurinta da yatsa. Idan kuma ya danne ko ya ci jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa, mutum zai ce yana jin ƙuna, ko tsira, ko fizga irin ta lantarki, wani lokaci taɓawar riga kaɗai ta ishe shi. Wannan na ƙarshe mofin ba ya gama masa shi kaɗai, sai an haɗa da magunguna irin amitiriftilin ko gabafentin, waɗanda asalinsu na damuwa da farfaɗiya ne amma suna kwantar da jijiyar da ta harzuƙa. Ciwon ƙashi kuwa sau da yawa gashi na zama ɗaya tak yana rage shi ga kusan shida cikin goma. Akwai kuma alamar da ake so kowane ma'aikacin lafiya ya haddace: mai ciwon daji da ya fara sabon ciwon baya, ƙafafunsa na nauyi, fitsari na ƙin fita ko na zuba, wataƙila ƙari ne ya danne laka. A nan sa'o'i ake ƙirgawa, domin in aka makara ba zai sake takawa ba.

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara wannan ilimi cikin wani ɗan littafi, ta kawo abin da aka sani da tsanin magani mai hawa uku. Hawa na farko, ga ciwo mai sauƙi, farasitamol ne ko dangin ibufurofen da dikilofenak. Na biyu kodin ko tiramol. Na uku mofin da makamantansa. Tare da tsanin akwai ƙa'idoji: ta baki, a kan agogo, gwargwadon mutum, da lura da ƙananan abubuwa. Inda aka bi wannan tsari, tsakanin kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na marasa lafiya sun samu sauƙi mai gamsarwa. A jagorar da hukumar ta sake fitarwa a 2018 ba a wajabta taka kowane hawa ba, wanda ya zo da ciwo mai tsanani ana iya fara masa da mofin kai tsaye. Hawa biyun farko suna da rufi. Farasitamol ba ya wuce giram 4 a yini don hanta, tiramol ba ya wuce miligiram 400 don yana iya jawo jijjiga, dangin dikilofenak kuma suna cin ciki da ƙoda idan aka daɗe a kansu. Mofin ba shi da irin wannan rufi, adadin da ya dace shi ne wanda ya kashe ciwon ba tare da illar da ta fi ƙarfin mutum ba.

Yana aiki ne saboda jiki da kansa yana da wurin karɓarsa. A 1973 masu bincike suka gano wasu mazaunai a ƙwaƙwalwa da laka waɗanda mofin ke kamawa, bayan shekara biyu kuma aka gano cewa jiki na samar da nasa sinadarai masu kama waɗannan mazaunai. Idan mofin ya zauna a wurin, saƙon zafi da ke hawa ta laka yana raguwa, wanda ya isa ƙwaƙwalwa kuma ba ya tayar da hankali kamar da. Ruwan mofin da ake sha yana fara aiki cikin kamar rabin sa'a, ya daɗe kimanin sa'a huɗu. Wannan ne dalilin ba da shi duk bayan sa'a huɗu ko da mutum bai koka ba. Mai noman rani ba ya jira sai tumatir ya yi yaushi kafin ya saki ruwa. Ciwon da aka bari ya dawo da ƙarfinsa yana buƙatar magani fiye da wanda aka tare, ga kuma fargabar jiran dawowarsa, wadda ita ma ciwo ce.

Lissafin da ake koyarwa ba shi da wuya. A ce an fara wa mutum da miligiram 5 duk bayan sa'a huɗu, wato sau shida, miligiram 30 a yini. Ana kuma rubuta masa ƙarin miligiram 5 da zai sha idan ciwo ya ɓullo a tsakani. Washegari aka tarar ya sha ƙarin sau uku, miligiram 15 ke nan. Jimilla jikinsa ya buƙaci 45, sai a raba shida, sabon adadinsa ya zama 7.5. Haka ake bi har a dace. Tsoho, ko wanda ya rame sosai, ana fara masa da ƙasa da haka, mai ciwon ƙoda kuma sai da taka-tsantsan na musamman domin ta ƙoda ragowar maganin ke fita. Aiki ne na wanda aka horar, ba na mai kemis ko ɗan'uwa mai tausayi ba. Illolinsa sanannu ne. Tashin zuciya da gyangyaɗi sukan wuce cikin 'yan kwanaki. Taurin bayan gida ba ya wucewa, shi ya sa ake koyar da cewa a rubuta maganin sakin ciki a takarda ɗaya da mofin. Danne numfashi, wanda aka fi tsoro, da wuya ya faru idan ta baki ake sha kuma a hankali ake ƙarawa, in ma ya faru akwai allurar nalokson da ke warware shi.

To me ya sa maganin da ke da arha haka, wanda ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, bai isa ga masu buƙata ba? Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin ɗari na mofin da danginsa da ake rarrabawa. Wani ɓangare na dalilin yana cikin tsarin kansa. Yarjejeniyar duniya ta 1961 ta ɗora wa ƙasashe nauyi biyu, su hana karkatar da waɗannan magunguna, su kuma wadatar da su don jinya. Kowace ƙasa tana aika wa hukumar sa ido da ke Biyenna ƙiyasin abin da take buƙata a shekara. Inda likitoci ba sa rubuta mofin, kantin asibiti ba ya ajiye shi, ko ya ajiye ya lalace. Ma'aikatar lafiya ta duba ta ga ba a sha ba, ta nemi kaɗan a shekara mai zuwa. Ɗalibin da ke zagayen ɗakin marasa lafiya bai taɓa ganin an rubuta shi ba, shi ma ya fita ba zai rubuta ba. Abin da ya gani shi ne allurar fentazosin, wadda ke da rufi, ba ta daɗewa, tana ɓata wurin da ake yawan soka ta, har tana iya rage ƙarfin mofin in an haɗa su.

Sai kuma tsoro, wanda a Arewa yana da tushe na gaskiya. Mun ga abin da kodin da tiramol suka yi wa matasa da matan aure. A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC, gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, hukumar NDLEA kuma ba ta daina kama tiramol mai ƙarfin miligiram 225 ba, alhali na asibiti 50 ne ko 100. Amurka ma ta sha nata bala'in tun daga ƙarshen shekarun 1990, bayan an tallata irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa gaskiya ba. Don haka horo ke ba da lokaci wajen rarrabe abubuwa uku da ake cakuɗawa. Akwai sabon jiki, inda adadin da ake sha ya rage tasiri, ko da yake a ciwon daji yawanci girman ciwon ne ke sa a ƙara. Akwai dogaron jiki, inda in aka tsayar da maganin kwatsam mutum zai yi gumi da zawo da rashin natsuwa, maganinsa kuma a rage a hankali. Sannan akwai jaraba, wato neman magani don maye duk da cutarwarsa, wadda ba ta da yawa ga mai ciwon daji da ke sha don ciwo ƙarƙashin kulawa. Iyalai kuma sukan ɗauka fara mofin alama ce ta an sallama mutum, ko cewa zai gaggauta ajali. Wani bincike da aka buga a 2010 daga Boston, a kan mutum 151 masu sankarar huhu da ta bazu, ya nuna waɗanda aka haɗa musu kulawar sassauci tun farko sun fi jin daɗin rayuwa, sun kuma fi daɗewa, wata 11.6 a kan 8.9.

Ƙasar da ta nuna yadda za a warware wannan ƙulli a Afirka ita ce Uganda. Anne Merriman, likita 'yar asalin Libaful da ta yi shekaru tana aiki a kudu maso gabashin Najeriya, ta kafa Hospice Africa Uganda a Kampala a 1993, bisa sharaɗin gwamnati ta yarda a shigo da garin mofin. Garin ake aunawa a dama da ruwa da ɗan abin hana lalacewa, a sa masa launi don a bambanta ƙarfinsa, kore mai sauƙi, ja mai ƙarfi, ta yadda ko wanda bai yi karatu ba zai gane. Da farko a kwalaben ruwan sha da aka wanke ake zuba shi. Mara lafiya ya tafi da kwalbarsa gida, mai jinyarsa ya riƙa auna masa da sirinji marar allura. A 2004 Uganda ta gyara dokarta ta ba ma'aikatan jinya da mataimakan likitoci da suka yi horo na musamman na wata tara damar rubuta mofin, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin kuɗinsa. Da wannan maganin ya bar hannun 'yan likitocin birni ya isa asibitocin gunduma.

Najeriya ba ta zauna ba. A Ibadan, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun yi shekaru suna wannan fafutuka har aka buɗe sashen kulawar sassauci a asibitin koyarwa na can a 2007. A 2015 ma'aikatar lafiya ta tarayya, tare da wata ƙungiyar yaƙi da daji ta Amurka, ta fara shirin asibiti marar raɗaɗi a wasu asibitocin koyarwa, inda ake tara likitoci da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna ana koya musu auna ciwo da rubuta mofin cikin gajerun darussa, ana kuma dama ruwan mofin a kantin asibitin. Babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya na 2014 ya buƙaci ƙasashe su sa wannan ilimi a matakai uku: na tushe ga duk ɗalibin likitanci da jinya, na tsakiya ga masu yawan hulɗa da ciwo mai tsanani, da na ƙwarewa ga 'yan kaɗan.

Akwai ɓangaren horon da ba ya cikin kwalba. Ana koyar da yadda ake niƙa ƙwayar metronidazol a barbaɗa a gyambon da ke wari, abin da kan mayar da mace cikin mutane bayan ta yi watanni a ƙuryar ɗaki. Ana koyar da yadda ake faɗin labari marar daɗi: a zauna, a fara jin abin da mutum ya sani, a tambaye shi nawa yake so ya ji, a faɗa kaɗan-kaɗan, a yi shiru a bar shi ya numfasa. A wurinmu sau da yawa 'ya'ya ko miji kan ja likita gefe su ce kada a gaya masa. Don ƙauna suke yi, kuma likita mai horo ba ya ture su, ba ya kuma yi wa mara lafiya ƙarya, sai ya nuna musu cewa mutum na iya samun wasiyya ko bashi ko neman gafara da yake so ya yi da bakinsa. Wani zai ƙi mofin don yana ganin kayan maye ne, wani don yana son yin azumi. A nan limami ko fasto da ya fahimci abin yakan fi likita iya kwantar da hankali, ya tunatar cewa addini ya yi wa mara lafiya rangwame kuma neman magani bai saɓa wa haƙuri ba.

A ganina, idan aka jera waɗannan bayanai, inda ya kamata a sa ƙarfi a bayyane yake. Ƙwararrun likitocin daji da na'urorin gashi dole ne a ci gaba da samar da su, domin su ne ke warkar da wanda ya zo da wuri, sai dai aikin shekaru ne, wasu daga cikin waɗanda aka horar ma suna ficewa ƙasashen waje. Mara lafiyan da aka ce wa a koma gida daga Zariya ko Sakkwato yau, babban asibitin ƙaramar hukumarsa zai koma, wurin ma'aikaciyar jinya da jami'in lafiya na al'umma. Su ya kamata darasin auna ciwo da lissafin sa'a huɗu ya isa gare su tun suna makaranta, da jarrabawa a kansa. Ya kamata doka ta duba ba wa waɗanda suka yi horo na musamman cikinsu ikon rubuta ruwan mofin, tare da kabad mai makulli da littafin shiga da fita da za a riƙa bincika, kuma jihohi su sa kuɗin garin a kasafin magungunansu na shekara.